Yarinya Ɗaya a Tungan Dutse

Ruwan shuka ya sauka ranar Talata da yamma, a watan da mijina Haggai ya cika wata goma a Darfur da rundunarsu. Ban fita na duba ba. Ina bakin ɗaki ina tsince wake, na ji ƙamshin ƙasa, na san da safe za a zo neman 'yata.

Rana ba ta gama fitowa ba Baba Sila, mahaifin Haggai, ya tsaya a ƙofarmu da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Maman Dinah, kin dai ga ruwa."

"Na gani, Baba."

"Na tona, ya shiga ƙasa sosai. Ki ba ta abin kari da wuri. Gonar Dawuda za a fara."

A Tungan Dutse ba a shuka dawa sai yaro ya fara. Mai gona zai sari rami ɗaya a gabashin gonarsa, ya miƙa wa yaro ƙwayar iri, yaron ya sa a baki ya jiƙa da yawu, ya tofa a ramin, ya rufe da ƙafarsa. Daga nan sai manya su ci gaba. Tun kafin coci ya zo ake yi, da coci ya zo sai aka ƙara addu'a a kai. A da ba wanda ya ɗauke shi wani abu, don kowane gida da yaransa, wanda hannu ya kai kansa shi ake ja. Haggai ya ce an taɓa jansa gona yana kuka, da tuwo a hannu.

A wannan shekarar gona goma sha ɗaya ake nomawa a kan dutsen, yarinya kuma ɗaya ce, Dinah, shekararta biyar. Mu talatin da huɗu ne a garin. Ni ina da shekara ashirin da huɗu. In aka cire ni da ita, mafi ƙanƙanta shi ne Aaron, mai shekara hamsin da bakwai, wanda har yau Yaro suke ce masa, suna aikensa. Samari sun shiga soja, wasu suna Kaduna, wasu Legas, wasu nan ƙasa cikin Zuru suna kabu-kabu da babur. Matansu sun bi su da 'ya'ya. Ni na zauna ne don mahaifiyar Haggai ta rasu, ranar da zai tafi kuma ya riƙe hannuna ya ce, "Ki riƙe mini tsohon nan har in dawo." Na ce to.

Tun bara nake tunanin sauka da Dinah. Makarantar garin aji biyu ce, kwanon rufin ɗaya ya yaye, malamin ya daina hawowa tun kafin a haife ta. Ba ta taɓa wasa da sa'arta ba sai in mun je Kirsimeti wurin yayata Rebecca a Zuru. In za ta zauna sai ta dafa gwiwa ta ce, "Wayyo bayana." Wata rana na same ta bayan rumbu ta naɗe totuwar masara a tsumma, ta haƙa rami, tana rera waƙar da muke yi a bakin kabari, ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba. Biki ɗaya ba ta taɓa gani ba a garin, jana'iza kuwa ta ga bakwai. Na tsaya na kalle ta har ta rufe ramin, sannan na ce ta zo ta wanke hannu.

Ba mutane kaɗai suka tsufa ba. Itatuwan kaɗanya da muke tsintar 'ya'yansu duk tsofaffi ne, wasu cikinsu ya zama kogo, rabin rassan sun bushe. Na zaga gonakin ban ga ƙaramar kaɗanya ko ɗaya ba, ɗorawa ma haka. Baba ya ce a zamanin golmo, lokacin da samari ke haɗuwa su nome gonar surukansu, mai fartanya in ya ga tsiron kaɗanya sai ya kewaye shi ya bar shi. Yanzu ba hannu, Aaron ke goya tankin feshi ya bi gonaki, maganin ciyawa kuma ba ya kewaye komai. Birai da ake sa yara kora sun daina zuwa. Ya faɗi wannan ne kamar mai ba da labarin farashin gishiri, ni ma haka na ji shi.

Abin da ya dame ni shi ne jan garin da Aaron ke sayo musu a kasuwa a ƙullin leda, ba suna ba takarda. Ana cuɗa shi da iri don kada tsuntsu da ƙwari su tone. Bara bayan shuka na tsinci fakara huɗu da kurciyoyi a gefen gonar Baba, sun bushe ƙafa a sama. Tun daga ranar na kafa doka: kowane gida ya ware irin Dinah daban, wanda gari bai taɓa ba, kuma ba zai shiga bakinta ba sai na murza shi a farin ƙyalle na gani. Sun yi ta dariya, suka ce matar soja ta zama sufeto. Amma sun bi.

Ranar Laraba muka yi gona biyar. Dinah tana gaba ba takalmi, don haka al'adar take, ni ina bayanta da gorar ruwa da ƙyallena, tsofaffi suna biye a hankali. Uwar Gari suke kiranta.

"Uwar Gari, ki tofa da ƙarfi a tawa," in ji Baba Dawuda. "Bara kin yi mini rowar yawu, shi ya sa Sila ya fi ni dami."

"Yawu ne ya hana ka noma na biyu?" in ji Baba. "Kana kwance ƙarƙashin ɗorawa kana munshari har Dirin Daji ana ji."

"Kai da kunnenka ya mutu tun yaƙi, ina ka ji?"

"Na ji a ƙafata. Ƙasa ce ke rawa."

Dinah ta tofa, ta rufe, ta dafa ƙugu ta ce, "To, Allah ya ba da albarka. Sai ku dage." Suka ce amin da gaske, har da cire hula. Na murza iri sau biyar, ƙyallen ya fito fari sau biyar. Da muka dawo na wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi, na cire ƙaya biyu.

Ranar Alhamis muka yi uku kafin rana ta yi zafi. Ta tara ita ce ta Kaka Alice, can bayan babban dutse. Kaka Alice ita kaɗai ce a gidanta, 'ya'yanta maza biyu suna bariki a Jos, idonta kuma yana ta rufe shi, sai dai ta gane mutum da murya. Dinah ta fi sonta a kan kowa don tana ajiye mata gyaɗa. Bayan tata saura biyu, ta Aaron da ta Baba. Baba ya bar tasa ƙarshe ne, ya ce mai yarinya a gida ba ya riga baƙi.

A hanyar akwai inda ake taka duwatsu a sauka. Nan ƙafar Baba Dawuda ta goce, ya zauna da ƙarfi, sandarsa ta gangara. Ba wanda zai iya ɗaga shi sai ni. Na ajiye gora, na shiga ƙarƙashin hammatarsa, ya yi nauyi kamar buhun da ya sha ruwa. Kafin in tsayar da shi, in ɗauko sandar, in duba gwiwar, Dinah ta hango Kaka Alice ta ruga. Na kira ta sau ɗaya. Na ce a raina ai sai an taru za a fara.

Da muka iso an riga an rufe ramin. Dinah tana zaune a kan dutse tana tauna.

"Me kike ci?"

"Kaka ta ce in cinye sauran."

"Kaka, wane iri kuka ba ta?"

"Nata mana," in ji Kaka Alice. "Ga shi na ƙulle daban a haɓar zanina ta hagu. Na maganin yana dama. Kin ɗauka ban da hankali ne, sufeto?"

Na duba zanin. Ƙullin da ke hagu a kwance yake. Na zazzage ƙwayar da ta rage a ƙyallena na murza. Dawar Kaka Alice ja ce tun asali, ido ba zai raba ba, amma ƙyallen ya raba, ya yi ja. Na kwance na dama, na murza a ɗaya gefen. Fari.

"Kun sake ɗaura zani yau?"

Hannunta ya bi ƙugunta yana lalube. "Ya kwance mini a rafi," ta ce. "Na juya shi."

Na sa yatsa a bakin Dinah na kwaso abin da na samu, na ba ta ruwa ta kuskure ta zubar, sau uku. Na tambaye ta nawa ta haɗiye. Ta nuna mini tafin hannunta. Tana dariya a lokacin, ta ɗauka wani sabon wasa ne.

"Ba komai," in ji Baba Dawuda. "Ɗan kaɗan ne. Mu da muke cuɗawa da hannu mu ci tuwo?"

Na tsaya ina kallonta, ban san me nake jira ba. Ba a daɗe ba yawu ya fara zuba daga bakinta, ba ta iya haɗiyewa. Gumi ya jiƙa rigarta. Ta ce cikinta, sannan ta yi amai, da jajayen ƙwayoyi a ciki. Na ɗaga fatar idonta, baƙin ya tsuke ya zama kamar kan allura.

Suka kewaye mu. Wata ta ce a ba ta manja, wani ya ce nono, aka tuna ba saniya a garin tun da Fulanin gefen rafi suka tashi. Kaka Alice tana ta tambaya, "Me ya faru? Ku faɗa mini mana, me take yi?" Ba wanda ya faɗa mata. Na ce kada kowa ya sa mata komai a baki. Na ƙulle jan irin a ƙyallen na cusa a rigata don a gani a asibiti. Na goya Dinah, na ɗaure da zani biyu.

Aaron ya ce zai riga ni sauka ya tare babur. Ya ruga, har takalminsa na faɗuwa. A kwanar hanya ta uku na same shi zaune a kan dutse ya dafe ƙirji, bakinsa a buɗe. Ya ɗaga mini hannu, in wuce. Na wuce.

Daga Tungan Dutse zuwa titi tafiyar awa ɗaya ce in mutum ba ya ɗauke da komai. Ban san nawa na yi ba. Na san yawunta ya jiƙa bayana har ƙugu, na san ƙafafunta suna ɗan karkarwa a cikina. Ina kiran sunanta duk bayan ɗan lokaci, tana cewa "um." Daga baya ta daina, sai na koma sauraron numfashinta a wuyana, mai ƙara kamar ana hura ruwa da kara. Ban yi addu'a ba. Ina duba inda zan sa ƙafa ne kawai.

A titi babur na farko ya wuce da mutum uku. Na biyu yana ɗauke da buhun gawayi, na tsaya a tsakiyar hanya. Ya taka birki yana faɗa.

"Ke baiwar Allah, mutuwa kika nema? Mi ya same ki?"

Na juya masa bayana ya gani. Bai ƙara magana ba, ya kwance igiya ya ture buhun gefen titi.

"Hau. Maido ta tsakiya, riƙe kanta kar shi lanƙwashe. Mi ta ci?"

"Maganin iri."

"Innalillahi. Riƙe da kyawo, gudu za mu yi."

Sai a ƙofar asibiti na tambayi sunansa, ya ce Lukuman, ya juya ya koma wurin gawayinsa.

Nas ta karɓe ta daga hannuna. Na miƙa ƙyallen, ta kwance ta shinshina, ta kira likita. Suka yi mata allura, suka sake yi, suka sa mata ƙarin ruwa, suna zuƙe yawun da roba. Nas ɗin ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba.

"Wa ya ba ta?"

"Kakarta."

"Ba ta gani ne?"

"Ba ta gani."

"Ke kina ina?"

"Ina ɗaga wani tsoho da ya faɗi."

Sai a lokacin ta dube ni, ta ce in zauna. Na zauna a kan benci ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Na lura ɗan yatsan ƙafata ya fashe, jini ya bushe a kai, ban san inda na buge ba. Na aika wata mai sayar da kunu ta kira mini Rebecca a kasuwa. Ta zo da gudu, ta yi kukan, ta kawo tuwo. Na ci. Na tuna na bar wake a jiƙe a gida, zai lalace.

Kafin la'asar numfashin ya daidaita. Washegari ta buɗe ido ta nemi ruwa. Likita ya ce da na ƙara awa ɗaya a hanya da wani zance ake yi, ya kuma ce kada in sake barin yarinya kusa da irin wannan gari. Na ce to.

Ranar Asabar da hantsi Baba Sila ya shigo ɗakin. Shekara huɗu rabonsa da sauka daga dutsen. Ya sa tsohuwar rigarsa ta soja wadda yake zuwa coci da ita, ƙafafunsa sun yi fari da ƙura. Na tashi na ba shi kujera, na durƙusa.

"Baba, da ƙafa kuka sauko?"

"Da me zan sauko? Tun asuba." Ya daɗe yana kallon Dinah tana barci. "Ta ci abinci?"

"Ta sha kunu."

"Madalla. Kowa na gaishe ki. Aaron ya ce ki yafe masa, ƙirjinsa ne ya ƙi. Alice ba ta fito ba tun ranar. Ana kai mata abinci, tana mayarwa."

"Ba da gangan ta yi ba."

"Na faɗa mata. Ta ce ta sani."

A gadon gefe wata mata tana lallashin jaririnta ya kama nono. Baba ya sa hannu a aljihun rigar ya fito da ambulan, na gane shi, na wasiƙar Haggai ta ƙarshe ne. Ya buɗe bakin ambulan ɗin ya nuna mini. Farar dawa ce, ƙwaya ba ta fi goma ba.

"Daga rumbu na ciro da hannuna. Ban bari ta kusanci ledar nan ba. Na wanke, na shanya. Ki murza ki gani." Ya miƙo. "Ba cewa na yi ta hau ba, ɗiyata. Nan inda take. Ta jiƙa kawai, in mayar a takarda in tafi da ita. Ƙasa tana shan iska, in ta wuce jibi sai an jira wani ruwan. Tawa da ta Aaron suka rage."

Na karɓi ambulan ɗin. Na san gaskiya ya faɗa, irin ba shi da komai. Na san kuma gonar nan ita ke ciyar da mu ukun. Na riƙe shi ɗan lokaci, na naɗe bakinsa, na mayar masa.

"Baba, ba abin da zai sake shiga bakinta in ba abinci ba."

"Ko an wanke?"

"Ko an wanke."

Ya gyaɗa kai. Bai yi fushi ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kuma ba za mu hawo ba," na ce. "Rebecca ta ce mu zauna a ɗakinta har in samu nawa. Zan sa ta makaranta."

"Har yaushe?"

"Ba har yaushe."

"Haggai ya sani?"

"Zan rubuta masa."

"Ya ce ki riƙe ni." Ba da zargi ya faɗa ba, kamar yana tuna wa kansa ne.

"Ya ce. Ku sauko ku zauna da mu, Baba. Ɗaki ɗaya zai ishe mu, zan sa labule."

"In sauko in yi me? In zauna bakin titi ina ƙirga babura?" Ya ɗan murmusa. "Uwar Haggai tana can. Dawuda in ba ni wa zai zaga? Kwana biyu zai yi ya mutu don haushi."

"Can in wani abu ya same ta, awa ɗaya ne kafin titi. Ba mai ɗaukarta sai ni. In ni ce na faɗi fa?"

"Na sani."

"Ba don Kaka Alice ba ne."

"Na sani, ɗiyata. Ina da ido, ni."

Dinah ta motsa, ta buɗe ido, ta gan shi. Muryarta ta dushe saboda robar da aka sa mata.

"Kaka. Saura gonarka."

"An gama, Uwar Gari. Kwanta."

"Wa ya tofa?"

"An gama dai. Ke sha kununki."

Ya mayar da ambulan ɗin aljihu, ya ɓalle maɓallin a kai. Na ce ya jira ya ci abinci, ya ce rana za ta yi masa. Na raka shi bakin titi, na samo masa babur da zai kai shi gindin dutsen, na gaya wa mai babur ɗin ya tafi a hankali, ya kuma tsaya ya ga ya kama hanya. Baba ya hau da ƙyar, sandar a kan cinyarsa. Bai waiwayo ba, wuyansa ba ya juyawa sosai dama.

An sallame mu ranar Litinin. Na rubuta wa Haggai shafi ɗaya, na faɗi abin da ya faru da abin da na yanke, ban ba da haƙuri ba, ban kuma zargi kowa ba. Bayan mako ɗaya na bar Dinah wurin Rebecca na hau ni kaɗai don kwaso kayanmu.

An yi ruwa sau biyu a tsakani. Dawa ta fito a gonakin gefen hanya, tsawon yatsa. Ta Baba ma an shuka, layukan sun karkace, wasu ramukan sun yi nisa da juna. Ban tambaye shi wa ya jiƙa irin ba, shi ma bai faɗa ba.

Da na shiga gari suka fito ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya gaishe ni, idonsa yana bayana, a kan hanyar da na fito. Na ce tana lafiya, tana cin abinci, ta gaishe su. Suka ce madalla. Baba Dawuda ya ce, "Ba ta ce komai a kaina ba?" Na ce ta ce ya dage da noma na biyu. Ba ta faɗa ba. Ya yi dariya har da tari.

Waken da na bari ya yi tsami ya yi kumfa, na zubar bayan gida na wanke kwanon. Na haɗa tufafinmu, tukunya biyu, katin rigakafinta, takardar aurenmu, hoton Haggai. Babbar tukunyar da turmi na bar wa Baba. Na je wurin matar Aaron muka yi magana a tsaye: za ta riƙa zuba masa tuwo in ta yi nasu, ni kuma duk mako biyu zan hawo da gishiri da kalwa da sabulu, in wanke masa kaya, in ɗebo ruwa in cika randa. Ta ce gwiwarta ba ta kai ta rafi kullum, amma za ta yi abin da ta iya. Na ce haka ma ya isa.

Na biya gidan Kaka Alice. Tana zaune a ƙofar ɗaki, ta rame. Ta gane takuna kafin in yi sallama.

"Margaret ce?"

"Ni ce, Kaka."

"Ke kaɗai."

"Ni kaɗai."

Ta lalubo wata ƙaramar ƙwarya a gefenta, cike da gyaɗa ɓararriya, ta miƙo. Kafin in karɓa sai ta janye hannun, ta riƙe ƙwaryar a cinyarta.

"A'a. Bar shi. Ki saya mata a can."

"Kawo, Kaka. Zan kai mata."

"Za ki ba ta?"

Na tsaya ina kallon gyaɗar. Ta jira, sannan ta ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Gara da ba ki yi mini ƙarya ba," ta ce. "Ki share mini ɗakin nan kafin ki tafi, ina jin tururuwa a tabarma."

Na share, na kakkaɓe tabarmar, na cika mata tulu. Da na dawo gida Baba ya auno mini dawa daga rumbu, ya fi abin da zan iya ɗauka, na rage rabi na mayar. Mata biyu suka kama mini kayan suka ɗora mini a ka, sai da na durƙusa sosai. Suka rako ni har inda gidaje suka ƙare, suka tsaya nan don daga wurin gangara ce.

Hadari yana haɗuwa ta gabas. Na duba shi, na duba hanya, na ga in ban tsaya hutawa ba zan kai titi kafin ya sauko. Na gyara gammo na fara sauka.